Sha-Turi da Tudun Alhaji Mati

Sallama gare ku masu karatu, har da ke baiwar Allah da kika ajiye min saƙo cewa in rabu da mai akwala in nemi mai mota ta gaske. Na gode da shawara. In kina da ragowar guda a gidanku ki aiko min da shi, ƙauyenmu ba shi da wuyar ganewa: in an baro Bici an nufi Watari, kwana ta biyu a hannun hagu, daidai inda kwalta ta gaji ta koma gida.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Safara'u, 'yar Malam Iliyasu mai Islamiyya. Shekara biyu ke nan da na gama kwalejin ilimi a Bici, ina taya Baba koyarwa, kuma na kai shekarun da duk gwaggon da ta shigo gidanmu sai ta ce min "Allah ya kawo nagari" kafin ta tambayi lafiyata.

To nagarin ya zo. Sunansa Uwaisu, malamin firamare ne, yana da ɗan fegin tumatir da albasa a noman ranin Watari. Dogo, baƙi, mai sanyin magana, irin mutanen nan da in ka taka su, su ne za su ba ka haƙuri. Aibinsa ɗaya tak, kuma ƙafa huɗu gare shi.

Ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu, ta girme ni da aƙalla shekara goma. A takarda an ce ja ce. A ido kuwa ƙofar direba shuɗiya, banet ruwan toka, sauran jikin kalar gindin tukunya. Ya saye ta a Rimin Gado wajen wani tsohon malamin gona, daidai shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da masu hankali suke jingine motocinsu suna kakkaɓe kekuna. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Ai yanzu ne take araha, Malama." Na ce e mana, dama araha ba ta ado.

Matan unguwarmu ne suka raɗa mata suna Sha-turi. Kik ɗinta ya mutu tun kafin ta shigo hannunsa, ba ta tashi sai an tura ta, ko kuma an gangara da ita. Kullum zai gyara kik, kullum wani ciwon ya riga shi: yau lagireto na yoyo, gobe taya ta yi ciki, jibi salansa ta faɗi a hanya sai da ya koma ya tsinto ta. In kuka buɗe but ɗinta za ku ga jarkar ruwa, da roba ta ɗaure kaya, da tsofaffin fulogi a gwangwanin madara, da wani ƙaton dutse da yake tokare taya da shi, don birkin hannu ya daɗe da yin ritaya. Ku riƙe dutsen nan a ranku, zai dawo.

Amma fa in kun ga yadda yake lallashinta sai ku rantse jinjira ce. Duk safiyar Asabar zai wanke ta tas, ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya ya goge da tsohon buroshin haƙori. Mai kuwa a gorar ruwa yake saya, ya ɗura mata kamar mai ba mara lafiya magani. Duk gangaren da ke tsakanin Watari da Bici ya haddace shi, yana zuwa sai ya kashe inji ya bar ta ta tafi da ikon Allah. Da ita yake kai kwandunan tumatirinsa kasuwa ba ya jiran dillali ya zo ya yi masa tayin wulaƙanci a bakin gona, da ita kuma yake kai mahaifiyarsa asibiti duk wata. Wannan duk na sani. Sanin bai hana ni yin abin da na yi ba.

Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu Juma'a ce bayan La'asar. Na sa koriyar atamfata da mayafi ruwan madara, na saci humrar Inna na shafa har sai da ta yi atishawa daga madafi. Muka zauna a zaure, na kawo zoɓo, ya sha rabi ya bar rabi wai kunya. Kafin Magariba ya miƙe, don fitilun Sha-turi ba su fi aci-balbal haske ba.

A waje Baba na zaune a dakali cikin farar shaddarsa ta Juma'a, tare da ƙanensa Baffa Nababa da limamin unguwa. Uwaisu ya durƙusa ya gaishe su, ya shiga mota, ya zauna. Ya yi ta zama. Ya gyara madubi. Ya goge sitiyari da hularsa. Ina leƙe ta jikin asabari ina cewa a raina, bawan Allah tafi mana. Ashe jira yake dattawa su tashi zuwa masallaci, su kuma suna jira baƙo ya tafi kafin su tashi.

Can dai ya fito yana sosa ƙeya.

"Baba, a gafarce ni. Sai an ɗan taɓa ta."

Jama'a, ina ji ina gani mahaifina, mutumin da ake zuwa ɗaukar karatu wajensa daga ƙauyuka uku, ya naɗe hannun riga ya dafa bayan akwala. Shi da Baffa da Liman. Suka tura, ta yi tari, ta yi tari, ta saki wani baƙin hayaƙi daidai ƙirjin farar shaddar nan, sannan ta tashi.

Mai hankali sai ya ɗaga hannu ta taga ya wuce, ko? Uwaisu tsayawa ya yi. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya dawo da baya ya durƙusa yana "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma." Yana cire ƙafa daga totur ta mutu murus. Sai da dattawan nan suka sake turawa karo na biyu, matan maƙwabta na kan katanga suna dariya har da riƙe ciki.

Ko addu'ar bayan sallar Magariba ban idar ba na ɗauki waya na rubuta masa:

"Malam, don girman Allah kada ka ƙara kawo motar nan ƙofar gidanmu. Ka ajiye ta duk inda za ka ajiye, ban da inda Baba zai gan ta."

Ya amsa: "To Malama. Allah ya huci zuciyarki. Ba za a sake ba."

Kuma bai sake ba. Shi ya sa na ce muku mutum mai biyayya ma abin tsoro ne.

A mashigar ƙauyenmu akwai tudu guda ɗaya, a kansa gidan Alhaji Mati mai sayar da taki yake. Daga ƙofar gidan hanya ta gangara sumul har bakin kwalta. Uwaisu ya ga tudun nan kamar an yi shi don shi. Duk Alhamis da Lahadi sai ya hau, ya juya hancin Sha-turi ya kalli gangare, ya tokare taya da dutse, ya durƙusa ya gaida Alhaji Mati, sannan ya tako da ƙafa zuwa gidanmu. In zai tafi ya janye dutse, ya saki birki, ta gangara ta tashi da kanta, babu mai taɓa ta. Da yake ba ya iya cin arziƙin mutum ya yi shiru, sai ya riƙa ajiye wa Alhaji ɗan tumatir, wata rana albasa, wai ladan gadin mota. Har dutsen ya daina ɗauka, ya bar shi a gindin katangar gidan kamar mai haya.

Wata huɗu ana haka. Ni kuwa har yaba wa kaina nake, ina cewa Safara'u kin iya tsara namiji.

Abin da na manta, kuma da ni da shi duk 'yan ƙauye ne bai kamata mu manta ba, shi ne a wajenmu ba a tambayar saurayi gidan da yake nema. Abin hawansa ake dubawa. Inda aka ga kekensa ko mashin ɗinsa a jingine da yamma, nan ne. Kuma Alhaji Mati yana da 'ya budurwa, Furera tela, ajinmu ɗaya tun firamare.

Da Baba ya ba da izini magabatan Uwaisu su zo ranar Asabar, sai ya tura Baffa Nababa bincike kamar yadda aka saba. Baffa kuwa in aka ba shi bincike ji yake kamar an naɗa shi alƙali. Ranar Talata da hantsi ya dawo, ya zauna a tsakar gida, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ina bakin rijiya ina wanke-wanke, kunnena duk yana wajensu.

"Yaya, yaro dai ba ya shan komai. Ba ya fashin jam'i. Mahaifiyarsa sai sa masa albarka take."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba.

"Sai dai fa gida biyu yake nema."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce.

"Wane irin gida biyu?"

"Nan da gidan Alhaji Mati. Wata huɗu motarsa na ƙofar gidan, Alhamis da Lahadi. Mai shayi ya shaida, mai faci ya shaida. Har tumatir yake kai wa Alhaji. Kai ya taɓa kawo maka tumatir?"

Baba ya ce, "Amma ai nan yake zuwa zance."

"A ƙafa yake zuwa nan, Yaya. Can mota, nan ƙafa. Kai ma ka auna."

Inna ta leƙo daga madafi da muciya a hannu. "Ni dama tun ranar da ya baɗe Malam da hayaƙi raina bai kwanta ba. Shiru-shirun nan ai ba banza ba."

Baba ya kira ni. Na zo na durƙusa, hannuna duk kumfa.

"Safara'u, kin san da wannan magana?"

Ga inda nake so ku zage ni, kuma na yafe muku tun yanzu. Kalma goma ta isa ta wanke bawan Allahn nan. Amma in na faɗa, dole in ce wa Baba a gaban Baffa da Inna cewa ni na kore motar, don na ji kunyar ganin ubana yana tura ta, kuma na ji kunyar a ce saurayina ke da ita. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Shi ke nan. Nababa, a aika musu kada su zo Asabar. Ba na ba mai fuska biyu 'yata, kuma ba zan ɓata da Alhaji Mati ba, shekara arba'in muna sahu ɗaya."

Bayan Azahar saƙo ya shigo wayata.

"Malama, an aiko wai kada su Baffana su zo. Laifin me na yi?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Sai ga wani:

"In Sha-turi ce, ki faɗa min. Zan sayar da ita."

Na sake karanta saƙon. Mutumin da ke goge fulogi da buroshin haƙori, wanda in motar ta yi tari shi ma sai ya dafa ƙirji, shi ne yake cewa zai sayar saboda ni. Tumatirinsa ya koma hannun dillalai, tsohuwarsa ta koma hawa bayan mashin zuwa asibiti, don kawai Safara'u 'yar kwaleji kada a yi mata dariya. Na kifa wayar a kan katifa na yi kuka mai isata, amma ban ba shi amsa ba.

Washegari Laraba ina shara sai na ji sallama kamar ta mai bin gaba. Furera ce, da tef ɗin awo a wuya, ta yi gammo da ɗankwali ta ɗoro dutsen nan a ka. Ta zo tsakiyar gidanmu ta sauke shi, tim, kaji suka watse.

"Ga kayan mijinki."

"Furera, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ke kin san Basiru mai gyaran injin ban-ruwa? Shekara guda yana zuwa wajena. Wata uku ke nan ko ƙurar mashin ɗinsa ban gani ba. Jiya na tare shi a kasuwa, wai shi ba ya ja da mai mota. Mai mota, Safara'u! Wannan abar da in akuya ta jingina da ita sai ta matsa!"

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu.

"Tsaya, ban gama ba. Shi kuma Alhajinmu ya ce bai taɓa ganin yaro mai kunya irin wannan ba. Wata huɗu yana zarya, yana gaisuwa, yana kawo tumatir, ya kasa buɗe baki. Ya ce shi zai sauƙaƙa masa, duk ranar da ya sake ganinsa zai ce ya ba shi ni. Na ce Alhaji wajen Safara'u yake zuwa, ya ce in haka ne me ya hana shi ajiye motar a can? To ni ma tambayar da na zo yi ke nan. Me ya hana?"

Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Na kalli dutsen, na kalli Furera, na ajiye tsintsiya. Na sunkuya na rungumi dutsen nan, nauyinsa kamar zai ɓalle min ƙugu, na nufi zaure inda Baba ke duba littafi. Na ajiye a gabansa, na buɗe wayata na miƙa masa saƙon da na tura tun ranar Juma'ar nan. Na faɗi komai, har ƙaryar jiya.

Baba ya karanta a hankali, ya cire tabarau. Na fi son ya yi faɗa, amma bai yi ba.

"Wato ke kika ji kunya na tura mota. Ni da na tura ban ji ba."

Ya miƙo min wayata, ya ci gaba.

"Kin san ranar da na yarda da yaron nan? Ranar ce. Ya fi kowa sanin in ya cire ƙafa motar za ta mutu. Amma ya ƙi ya wuce dattawa ba godiya. Na ce a raina, wannan ko zai wahalar da 'yata, ba zai wulaƙanta ta ba. Ashe 'yar tawa ce za ta wulaƙanta shi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba.

"Ki gaya masa gobe Alhamis ya zo bayan La'asar. Ya ajiye motarsa a ƙofar gidana, ya kashe ta, kowa ya gani. In ya yi haka, Asabar tana nan. Maganar Alhaji Mati kuwa, wanda ya kai mota ƙofar mutum shi zai je ya warware da bakinsa."

"To Baba. Amma in zai tafi, wa zai…"

"Ni na yi nawa, har sau biyu." Ya mayar da tabarau. "Wadda za ta zauna a gidan gaba ita za ta tura."

Na rubuta wa Uwaisu komai. Ya amsa da layi ɗaya: "Babu komai Malama. Ki sa takalmi mara tsini."

Ranar Alhamis ko bikin suna bai tara matan da suka hau katanga ba. Wa ya gaya musu? Ku tambayi Furera. Sha-turi ta shigo layinmu tana ƙara kamar injin markaɗe, an wanke ta har wani ƙyalli take a inda fenti ya rage. Ya tsaya daidai dakalin Baba, ya kashe ta, ya fito ya ga dutsensa na jiransa, ya tokare taya da shi. Muka yi zancen da bai fi na minti goma ba. Sannan ya miƙe.

Na fito cikin sabon leshin da na ɗinka don ranar Asabar, na ɗaure mayafi a ƙugu, ƙafata cikin silifas ɗin Inna. Baba na dakali da carbi, ko kallona bai yi ba. Na dafa bayan motar, ƙarfen da zafi kamar tanda. Uwaisu ya kama ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a sitiyari.

"Bismillah, Malama."

Na tura. Ko motsi. Wata daga kan katanga ta rangaɗa guɗa. Na sake turawa har silifas ɗaya ya tsinke, sai na ji kafaɗa kusa da tawa.

"Ba don ke ba," in ji Furera tana haki. "Don Basiru."

Muka danna. Ta fara mirginawa. Baffa Nababa, wanda ya haɗa duk wannan wutar, ya miƙe yana ba da umarni, "Giya ta biyu, Malam! Saki kuloci!" Uwaisu ya yi tsalle ya faɗa ciki, ta yi tari, ta yi tari, ta feso min baƙin hayaƙi tun daga wuya har gwiwa, ta tashi. Abin mamaki, ban ji komai ba sai dariya. Na waiga na ga Baba na murmushi cikin gemu.

Sai na ga ƙofar direba na shirin buɗewa.

"Malam!" na ƙwalla. "Wallahi ka fito godiya na fasa! Tafi!"

Ya rufe ƙofa ya tafi, matan katanga suna shewa.

Bai yi nisa ba. A ƙarshen layinmu, gindin kukar da ke ƙasan tudun nan, inda yashi ya fi ko'ina zurfi, wani dattijo na tsaye cikin babbar riga da ƙunshin goro a hannu. Alhaji Mati. Ya jira a tudunsa bai ga mota ba, ya sauko da kansa. Ya ɗaga hannu yana fara'a.

Furera ta dafa ƙirji. "Shi ke nan. Wannan da ba ya iya ce wa babba a'a?"

Fitilar birki guda ɗaya ce ke aiki a jikin Sha-turi. Na ga ta kama. Na ji injin ya yi shiru.

Na cire ɗaya silifas ɗin na miƙa wa Furera, na ƙara tamke mayafina, na bi hanyar nan da ƙafa ba takalmi, leshi duk hayaƙi, gari na kallo. Duk abin da zai gaya wa Alhaji Mati, zai gaya masa ne ina tsaye a bayan motar, hannuna biyu a kan but.